Yadda Ake Zaɓen Wayoyin Haɗa Talabijin da Sauran Kayan Kallo a Gida

Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi talabijin mai faɗin allo, ya haɗa da dikoda da lasifika, amma da an zo kan wayar da za ta haɗa su sai ya ce a miƙo masa ko wacce. Wani kuma akasin haka ne. Mai sayarwa zai ɗauko masa waya a kwali mai sheƙi, kanta ruwan zinari, ya tabbatar masa cewa ita ce za ta sa hoto ya fito tar, shi kuma ya biya ninki-ba-ninki yana murna. Na farkon yakan ƙare da allo mai ɗaukewa yana dawowa. Na biyun kuma hoton da yake gani bai fi wanda wayar da ta zo cikin kwalin dikoda za ta ba shi kyauta ba. Dukkansu babu wanda ya leƙa bayan na'urarsa kafin ya fita sayayya.

Waya ba ta ƙara wa hoto kyau. Aikinta shi ne ta isar da abin da aka ɗora mata ba tare da ta zubar da komai a hanya ba. Don haka abu uku za ka sani kafin ka taɓa aljihu: me za ta ɗauka, daga wace kafa zuwa wace kafa, kuma nisan nawa ne.

Fara da bayan talabijin

Kashe komai daga soket, ka jawo talabijin gaba ko ka leƙa bayanta da tocila. Ka ɗauki hoton kafofin da wayar hannu, yadda rubutun da ke gefen kowace kafa zai karantu. Haka za ka yi wa dikoda, na'urar wasan bidiyo, amfilifaya, da duk abin da kake son haɗawa. Wannan hoton ya fi duk bayanin da za ka yi wa mai sayarwa da baki.

Kada ka tsaya a ƙirga kafofin, ka karanta rubutun. Talabijin mai kafar HDMI huɗu ba lallai ne dukkansu ƙarfinsu ɗaya ba. Za ka ga an rubuta ARC ko eARC a gefen guda ɗaya tak, wannan ta lasifika ce, ka ware ta. A talabijin da yawa kafa biyu kawai ke ɗauke da rubutun 4K 120Hz, kuma sau da yawa ɗaya daga cikin biyun ita ce dai ta eARC. Idan kana da na'urar wasa ta zamani, ka ga tun yanzu ka san inda za ta zauna.

Sai awo. Kada ka auna da ido, kuma kada ka auna miƙe daga na'ura zuwa na'ura. Ɗauki zare ka bi da shi ainihin hanyar da wayar za ta bi, bayan teburi, gefen bango, kowace kwana, sannan ka auna zaren da tef. Ka ƙara kamar rabin mita don sassauci. Idan talabijin tana kan maƙalin bango mai juyawa, ka jawo ta iya jawuwa kafin ka auna, domin wayar da ta isa lokacin da talabijin ke manne da bango ita ce za ta fizge kafar ranar da wani ya juyo ta.

Wayar HDMI, inda aka fi cutar mutane

Ita ce uwar wayoyin falo a yau, domin tana ɗaukar hoto da sauti a tare. Kanta mai fil 19 bai canza siffa ba tun da aka fitar da tsarin a 2002, kuma a nan ruɗanin yake: wayar da aka yi shekara goma sha biyar da suka wuce da wadda aka yi bana duk za su shiga kafa ɗaya lafiya lau, amma nauyin da za su iya ɗauka ba ɗaya ba ne.

Lambobin da ake yawan ambata, 1.4 da 2.0 da 2.1, na na'urori ne. Hukumar da ke ba da lasisin HDMI ba da su take rarrabe wayoyi ba, da suna take rarrabe su, kuma sunan shi za ka nema a jikin kwali da jikin robar wayar. Wadda aka rubuta wa Standard ta tsohon zamani ce, ka bar ta. High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, ta ishi dikoda mai hoton 1080p, har da 4K idan bai wuce hoto 30 a daƙiƙa ba. Premium High Speed tana kai gigabit 18, ita ce daidai da 4K mai hoto 60 a daƙiƙa tare da HDR (tsarin da ke ƙara fito da haske da duhu da launi a hoto), wato kusan duk abin da akwatin kallo ta intanet ko na'urar faifan 4K za su fitar. Ultra High Speed kuma tana kai gigabit 48. Ta zo ne da tsarin 2.1 na 2017, kuma ita ake bukata don 4K mai hoto 120 a daƙiƙa, irin wanda PlayStation 5 da Xbox Series X suke iya fitarwa, ko don 8K. A 2025 an ƙara wata mai suna Ultra96, amma kayan falon da muke magana a kai ba su kai ga bukatarta ba.

Idan ka sayi ɗaya daga cikin na'urorin wasan nan biyu, wayar da ta zo a kwalinsu Ultra High Speed ce. Ka yi amfani da ita, kada ka bari ta ɓace cikin tarin tsofaffin wayoyi ka ɗauko wata a madadinta.

Rubutu kuwa kowa na iya bugawa a kwali. Shi ya sa Premium da Ultra na gaskiya suke zuwa da tambarin shaida mai lambar QR, wadda ake dubawa da manhajar hukumar a wayar hannu, ta nuna maka sunan kamfanin da tsawon wayar. Kwalin da aka cika da "8K" da "2.1" da manyan baƙaƙe amma babu wannan tambari, magana ce kawai. Mai yiwuwa wayar ta yi aiki, amma babu wanda ya gwada ta ya sa hannu.

Ni dai in za a bi ta tawa, duk wanda zai sayi sabuwar waya ta mita ɗaya zuwa uku a yau, ya sayi Ultra High Speed mai tambari, mafi araha da ya samu. Tana aiki da tsofaffin na'urori, kuma ba zai sake saye ba idan ya canza talabijin. Wanda kuma yake da High Speed a kan dikoda tana aiki ba matsala, babu dalilin cire ta.

Dalilin da ya sa tsada ba ta ƙara komai shi ne saƙon HDMI na lambobi ne. Ko dai ya isa daidai, ko ya lalace a fili yadda ba sai an faɗa maka ba. Babu wata waya da za ta sa ja ya ƙara ja ko baƙi ya ƙara baƙi. Wayar da nauyi ya fi ƙarfinta tana da alamunta: ƙananan ɗigo farare suna ƙyalƙyali a allo kamar an watsa gishiri, allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku ya dawo, hoto ya rine kore ko ruwan hoda, ko sauti ya riƙa yankewa. In ba ka ga ɗaya daga cikinsu ba, wayarka tana ba ka duk abin da ke akwai. Ruwan zinarin kan kuwa amfaninsa hana tsatsa ne, iyakarsa ke nan.

Inda kuɗi yake da amfani shi ne nisa. Wayar jan ƙarfe zalla mai gigabit 48 ba ta cika wuce mita biyar da aminci ba, mai gigabit 18 ma da ta haura mita bakwai ko takwas ta zama caca. Idan majigi ne a silin, ko na'urori suna wani ɗaki, ka nemi wayar HDMI mai zaren haske a ciki, wadda ke iya tafiya mita gommai. Amma ita tana da gaba da baya. A kai ɗaya an rubuta Source, shi ke shiga dikoda ko amfilifaya. A ɗayan an rubuta Display, shi ke shiga talabijin ko majigi. Na taɓa shafe yini guda ina ratsa irin wannan waya ta cikin silin zuwa majigi, na mayar da komai, na kunna, allo shiru. Da na haska kan da ke hannuna na ga Display a wajen da ya kamata Source ya kasance, sai da na zare ta gaba ɗaya na sake. Har yau ina jin takaicin wannan yinin, kuma tun daga ranar ba na ɓoye waya a bango ko silin sai na shimfiɗa ta a ƙasa, na haɗa ta da ainihin na'urorin, na bar ta tana aiki na ɗan lokaci. Idan ana cikin gini ne, a sa bututu mai faɗin da kan HDMI zai wuce, a bar zare a ciki don jan wata waya nan gaba.

Wani abu da ke sa a zargi waya ba laifinta: talabijin da yawa suna zuwa da kafofin HDMI a rage musu ƙarfi, sai ka shiga saiti ka buɗe. A Samsung sunan wurin Input Signal Plus, a LG HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony kuma ana zaɓar Enhanced format. Idan na'urarka ta ce talabijin ba ta karɓar HDR alhali ka san tana karɓa, nan za ka fara dubawa.

Talabijin da ke manne da bango kuma kafofinta suna kallon baya, ka saya mata ɗan kai mai lanƙwasa. Lanƙwasa wayar da ƙarfin tsiya a bayan allo yana karya ta a wuya, ko ya girgiɗe kafar, kuma gyaran kafa ya fi sayen waya ciwo nesa ba kusa ba.

Fitar da sauti zuwa lasifika

Idan kana da doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan talabijin, bari mu kira ta sandar sauti, ko kana da amfilifaya, hanya mafi kyau ita ce waya ɗaya ta HDMI daga kafar ARC ko eARC ta talabijin zuwa kafar da ke da irin wannan rubutu a jikin lasifikar. Dole kafofin biyu su zama masu rubutun. In ka sa a wata kafa daban, ko wace irin waya ce, ba za ka ji komai ba.

ARC ya zo ne da tsarin 1.4 a 2009, kuma yana ɗaukar sautin sitiriyo da Dolby Digital mai tasha 5.1. Shi kuwa eARC faɗinsa ya fi yawa sosai, yana wuce da sautin da ba a matse ba irin Dolby TrueHD, wanda cikakken Atmos na faifai, wato sauti mai kewaye mai sauraro, ke hawa a kansa. Don eARC ka yi amfani da Ultra High Speed, ko High Speed mai rubutun with Ethernet, domin ta wannan layin na cikin wayar sautin ke komawa.

Bayan ka haɗa, ka kunna CEC a saitin talabijin, tsarin da ke sa rimot ɗaya ya riƙe ƙarar lasifika. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. A na'urori da yawa ARC ba ya tashi sam sai an kunna shi.

Idan ɗaya daga cikin na'urorin ba ta da ARC, sai wayar haske, wadda ake kira Toslink, mai ɗan kai kusan murabba'i. Tana ɗaukar sitiriyo da Dolby Digital da DTS na 5.1, ba ta ɗaukar TrueHD. Sabuwa takan zo da 'yar hular roba a kowane kai, ƙarama ce ƙwarai har mutum ba ya lura da ita, ka cire kafin ka tura. Ta fuska ɗaya take shiga, kuma za ka ji ɗan ƙas idan ta zauna. In kana son sanin ko talabijin tana turo sauti, cire kan da ke jikin lasifika ka nuna shi a tafin hannunka, za ka ga jan haske. Kada ka naɗe ta da ƙarfi ko ka ɗora mata ƙafar teburi, zaren cikinta ba ya jure karyewa. Idan hasken yana zuwa amma shiru, ko wani ƙara kake ji mai kama da shhh, ka shiga saitin sauti ka mayar da fitarwa zuwa PCM, mai yiwuwa lasifikar ba ta fahimtar irin sautin da ake turo mata.

Wayar eriya da dish

Wannan ita ce wayar da rana ke duka, ruwa ke duka, ita ce mafi tsawo a gidan, kuma ita aka fi yi wa rowa. A ganina a nan ya kamata mutum ya fi sa ido.

Ka nemi RG-6 mai om 75, rubutun yana jikin robar. RG-59 ta fi siriri, kuma tana zubar da sigina da yawa a mitocin da dish ke amfani da su, daga megahaz 950 zuwa 2150. Idan nisan ya yi yawa ƙwarai, akwai RG-11 mai kauri, sai dai tana da wuyar lanƙwasawa kuma kawunanta daban ne.

Sannan ka duba cikinta. Ka sa a yanka maka ɗan guntu ka fere. A tsakiya akwai ƙarfe ɗaya, sai farin kumfa, sai takardar alminiyam, sai saƙar siraran wayoyi, sai robar waje. Saƙar mai kyau tana da yawa, tana rufe takardar sosai. Ta banza kuwa 'yan silla ne tsilla-tsilla da za ka iya ƙirgawa. Ƙarfen tsakiyar iri biyu ne, akwai jan ƙarfe zalla, akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A ido duk ja ne. Ka kai maganaɗisu kusa, in ya kama, na rufi ne. Ga eriya ta gama-gari na rufin ba laifi. Ga dish kuwa jan ƙarfe zalla ya fi, domin ta wannan wayar dikoda take tura wuta zuwa LNB, ɗan kan da ke gaban dish, bolt 13 ko 18, kuma da wannan bambancin take zaɓar rukunin tashoshi. Idan waya ta yi tsawo kuma ƙarfenta ba ya wuce da wuta sosai, bolt 18 ɗin zai iya raguwa a hanya, sai ka ga wasu tashoshi suna nan wasu sun ɓace, a yi ta juya dish a banza.

Kan da ake sa wa wayar dish shi ne F, mai murɗawa. Kafar eriya a jikin talabijin kuwa ta danganta da ƙasar da aka yi talabijin ɗin dominta, wasu F ne, wasu kuma zagayayyen kai ne da ake turawa kawai. Hoton da ka ɗauka zai raba gardama.

Ga yadda ake ɗaura kan F. Da farko cire dikoda daga wuta, domin akwai wuta a wayar. Ka zagaya robar waje da reza a hankali, kamar milimita 12 daga baki, ka zare ta ba tare da ka yanke saƙar ba. Ka kwantar da saƙar baya a kan robar. Ka yanke farin kumfan ka bar kamar milimita 6, yadda ƙarfen tsakiya zai fito tsirara kamar milimita 6 shi ma, kuma kada reza ta yi masa rauni. Yanzu ka kawo shi kusa da ido a wuri mai haske. Silli ɗaya na saƙar, wanda bai kai gashi kauri ba, idan ya naɗe a ƙarfen tsakiya ya isa ya kashe sigina gaba ɗaya, wani lokaci har dikoda ta nuna gargaɗi. In ka tabbata babu, ka tura kan har farin kumfan ya zo daidai da gindin ramin ciki, ƙarfen tsakiya ya ɗan leƙo waje kamar milimita biyu. Kawunan da ake matsewa da filaya ta musamman sun fi na murɗawa riƙo da hana ruwa, su ya kamata a sa a waje.

Ruwa shi ne babban maƙiyin wannan waya. Ka rufe mahaɗar da ke jikin LNB da hular roba ko tef mai hana ruwa. Kafin wayar ta shiga bango, ka sauke ta ƙasa kaɗan sannan ta hau ta shiga ramin, yadda ruwan da ke bin ta zai ɗiga a ƙasan lanƙwasar maimakon ya bi ta zuwa ɗaki. Hoto ya ɗauke lokacin da ake tafka ruwa ya dawo da an ɗauke, wannan ba laifin waya ba ne, ruwan ne ya tare sigina a sama. Amma idan an kwana biyu da ɗauke ruwa hoto yana ta kakkaryewa, ka kwance kan ka duba. In ka ga kore ko baƙi, ruwa ya shiga, ka yanke har inda ƙarfen yake da haske ka sake ɗaurawa.

Wajen kafawa a bango kada ƙusa ko maƙali ya matse ta har ta baje, kuma kada a karya ta a kwana kamar gwiwar hannu, a zagaya da ita. Waya ɗaya miƙaƙƙiya ta fi guntaye uku da aka haɗa. Siginar eriya ana iya raba ta wa talabijin biyu da marabi, kowacce ta samu ƙasa da rabi kaɗan. Dish kuwa ba a raba shi haka, domin dikoda biyu za su riƙa jayayya kan bolt. Sai a sa LNB mai baki biyu kowace dikoda da wayarta, sai fa in tsarin da aka ƙera musamman don waya ɗaya ne.

Tsofaffin na'urori

Wayar nan mai kai uku da ake kira RCA ko AV, rawaya na hoto ne, fari na sautin hagu, ja na dama. Hotonta shi ne mafi rauni, don haka in na'urar tana da HDMI, ka bar ta. Mai kai biyar, kore da shuɗi da ja na hoto, da fari da ja na sauti, ta fi ta nesa, sai dai a kula kada a musanya jajayen biyu. Idan sabuwar talabijin ba ta da waɗannan kafofi, waya zalla mai RCA a gefe ɗaya da HDMI a ɗaya gefen ba za ta yi ba. Ana bukatar ɗan akwatin juyi mai cin wuta, kuma shi ma hanya ɗaya yake bi, ka tabbata mai karɓar AV ya fitar da HDMI ne ka saya, ba akasinsa ba.

Wayar lasifika daga amfilifaya

A nan kauri ne magana, domin wannan wayar ƙarfin wuta take ɗauka. A ma'aunin AWG, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Ga lasifika mai om 8, lamba 16, wato kusan murabba'in milimita 1.3, ta isa har wajen mita 15. In nisan ya fi haka, ko lasifikar mai om 4 ce, ka koma 14 ko 12. Ka kula da haruffan CCA, ma'anarsu alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake iya wucewa da shi, kuma yana saurin karyewa a wurin ɗauri. Ka kankare silli ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka san abin da ke hannunka. Kada kaurin roba ya ruɗe ka, ƙarfen ciki za ka duba.

Kowace waya tana da alama a gefe ɗaya, layi ko rubutu ko ɗan tudu. Ka sa mai alamar a ja a amfilifaya, ka sa shi a ja a lasifika, haka a kowace lasifika. Idan ka juya guda ɗaya ba abin da zai ƙone, amma bas zai zube, muryar mai magana ta rasa tsakiya. Ka fere kamar santimita ɗaya, ka murɗe sillayen su haɗe, kada ko ɗaya ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa, wannan kam yana iya kashe amfilifaya. Wufa, wato lasifikar bas, mai nata filogi ba ta shiga wannan lissafi, wayar RCA guda ɗaya take bukata daga kafar da aka rubuta wa Sub ko LFE.

Intanet da wuta

Idan fim yana tsayawa yana juyi kuma rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ba ta da nisa, ka ja waya. Cat5e tana ɗaukar gigabit ɗaya har mita 100, Cat6 ma ta yi, abin da ya wuce nan ɓarnar kuɗi ne a kan talabijin, tunda da yawansu kafarsu megabit 100 ce, kuma hakan ya ishi 4K. Nan ma ka guji CCA.

Wayar wuta kuwa ka riƙe wadda ta zo da na'urar. In ta ɓace, ka sayi mai irin kanta wadda ƙarfinta bai gaza na asali ba. Ka haɗa kayan a kan soket mai kariya daga hauhawar wuta, kada ka jona soket a kan soket, kuma duk filogin da ka taɓa ka ji zafi, ka cire shi a ranar. Lokacin tsawa mai ƙarfi, cire filogi bai wadatar ba, ka cire wayar eriya ko dish ma, domin ta nan ma wuta ke shigowa, ta bi HDMI ta kai ga sauran na'urori.

Gwaji kafin ɗauri

Ka haɗa komai a sake tukuna, na'ura ɗaya bayan ɗaya, kana kunnawa kana gani. Ka gwada kowace waya da abu mafi nauyi da za ta ɗauka, fim mai 4K da HDR, ko wasa a hoto 120, ka bar shi kamar minti ashirin, domin waya mai rauni takan yi lafiya a allon saiti ta gaza a nan. In matsala ta fito, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda: ka cire ka mayar da kan sosai, in bai yi ba ka canza kafa, sannan ka gwada wata gajeriyar waya da ka san tana aiki, sannan ka leƙa saiti. Idan gajeriyar ta yi doguwar ta ƙi, ka gano mai laifi.

Sai komai ya zauna za ka ɗaure. Ka manna ɗan tef a kawunan kowace waya biyu ka rubuta sunan na'urarta. Ka ware wayoyin wuta gefe guda, na eriya da na sauti gefe guda, in dole su haɗu su gitta juna maimakon su jera. Ka ɗaure da maɗauri mai mannewa wanda ake iya kwancewa, ba da matsewa sosai ba, kuma ka bar ɗan sassauci a bayan kowace kafa yadda nauyin wayar ba zai rataya a kanta ba.